Filin Tambayi Injiniya: Ina son kwamfutar gem amma aljihu ba nauyi, wane kati zan saka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Saƙonnin wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suka zo, kwamfutar tebur ta buga gem da katin girafik, wato katin da ke fitar da hoton gem a monita, toh na tsinto guda shida da nake ganin amsarsu zata wadatar da sauran.

TAMBAYA: Salam Injiniya, ya aiki ya jama'a. Ni ɗalibi ne, na ɗan tara wajen naira dubu 450 daga aikin POS da nake yi in an yi hutu, inaso in mallaki kwamfutar tebur da zan dinga buga FC da eFootball da GTA V, in da hali har Warzone, sannan in ɗan dinga editin bidiyo. Wani abokina yace in sayi Dell irin ta ofis in sa mata kati kawai, wani kuma yace asarar kuɗi ce gara in haɗa tawa daga farko. Wallahi kaina ya kulle, dan Allah a bani shawara. Daga ƙaninka a Zariya.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena, Allah ya sa wa nema albarka. Abokan nan naka kowa da gaskiyarsa, amma kafin mu je kansu fara duba gem ɗin da ka lissafo, don su zasu faɗa maka abun da zaka saya ba mai shago ba. Kamfanin EA da suka fitar da FC 24 sun rubuta cewa mafi ƙarancin katin da zai ɗauke shi shine GTX 1050 Ti ko RX 570 mai 4GB, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 8GB da fili 100GB, in kuma kanaso ya tafi sumul sun ce GTX 1660 ko RX 5600 XT da RAM 12GB. GTA V tun 2015 ya sauka a kwamfuta, baya da wani nauyi a yanzu, eFootball ma haka. Warzone ne mai cin rai a cikinsu, shi kam yana son kati mai ƙwari, ga cin data wajen saukewa da sabuntawa kusan kullum, wannan ma ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Toh hanyar Dell ɗin ofis. Irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre da ake kawowa Landan yus, injina ne masu ƙarko ba ƙarya, kuma kana samun furosesa (injin da ke tafiyar da aikin kwamfutar) da bod (babban allon da ake jona komai a kai) da RAM da akwati duk a kuɗi ɗaya mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar guri biyu ne. Na farko girman akwatin, akwai siririya da suke kira SFF wacce katin da ya cika faɗi bazai shiga ba sam sai irin gajeren nan da ake yi musamman dominta, akwai kuma doguwa mai ciki wacce ita ya kamata ka nema in dai gem ne a ranka. Na biyu fawa fak ɗinsu, wato abun da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami ne, yawanci wat 180 zuwa 260 ne, babu wayar nan mai fin 6 ko 8 da manyan katuna suke buƙata, kuma filoginsa na kamfanin ne shi kaɗai, ba zaka cire ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Shi ramin da ake soka kati a jikin bod wat 75 kawai yake iya bayarwa, kaga kenan an taƙaita ka ga katunan da basu wuce haka ba: GTX 1050 Ti, GTX 1650, RX 6400, sai RTX 3050 mai 6GB da ya fito a 2024 wanda wat 70 yake ci, shine mafi ƙarfi a wannan layin. Ka kula, mai 6GB nace, ɗan uwansa mai 8GB yana neman waya. RX 6400 kuma ban so maka shi ba tunda kace editin, bashi da ɓangaren da ke haɗa bidiyo da sauri, kuma a tsofin bod ƙarfinsa yana raguwa.

In ka bi wannan hanyar dan Allah kar ka sayi furosesa ƙasa da ƙarni na 8, wato lambar ta fara da 8 kamar i5-8500 da ke cikin OptiPlex 3060 ko 5060 ko 7060 ko EliteDesk 800 G4. Dalili biyu, i5 na ƙarni na 8 kwakwalwa 6 gareshi na ƙarni na 7 kuma 4, sannan Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga ƙarni na 8 yake karɓa.

Ni dai in ni ne kai haɗawa zan yi, ko da kuwa da kayan hannu ne. Furosesa Ryzen 5 3600 ko 5600 da bod B450 ko B550, ko kuma Core i3-12100F da bod H610, kar sunan i3 ya sa ka raina shi na 2022 ne kuma a gem yana wuce tsofin i7 da nisa. RAM 16GB amma sanda 2 kowacce mai 8, ba guda ɗaya mai 16 ba, don in suna biyu hanyar ta zama biyu saurin ya ƙaru. SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) 512GB ya isa farawa, fawa fak wat 550 na kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko EVGA mai tambarin 80 Plus Bronze. Akwati kuwa ka sayi mafi araha indai iska na shiga ta gaba ta fita ta baya, fitilun nan masu kala kala da gilashi ko ɗigon sauri basa ƙarawa, nasha ganin yara sun zuba kuɗi a akwati mai walƙiya sun dawo suna neman kati na tsiya, abun yana min ciwo sosai.

Kuɗin da ya fi tsoka kati zai tafi, wajen kashi 40 cikin 100 na abun da ke hannunka ko ma sama. Wanda nafi so maka shine RX 6600 mai 8GB, ya fito 2021, wat 132 kawai yake ci, duk gem ɗin da ka lissafo zai buga maka su a tsabtar hoto ta 1080p hankali kwance har da Warzone ɗin, kuma sababbin gem da suka fara tilasta kati mai fasahar bin haske da ake kira ray tracing, irin Doom: The Dark Ages na 2025, shine daidai mafi ƙarancin abun da suke karɓa a ɓangaren AMD. In kuɗin bai kai ba GTX 1660 Super mai 6GB na 2019, wat 125, kati ne mai mutunci. In kuma Allah ya buɗa RTX 3060 mai 12GB yafi daɗin editin. Su GTX 1060 da 1070 har yanzu suna aiki amma Nvidia sun daina fitar musu da direbobin sababbin gem (manhajar da ke sa katin aiki) tun ƙarshen 2025, don haka sai in an karya maka farashi sosai.

Farashi dala ce ke juya shi, ga RAM ma da ta yi tashin gwauron zabi daga ƙarshen 2025 saboda kamfanonin AI sun kwashe kayan, don haka rubuta jerin nan a takarda, tunda kana Zariya Kano ba nisa ka zaga Beirut Road da Farm Centre, ka kuma tambayi farashin Computer Village ta Ikeja a waya, shago 3 aƙalla kafin ka ciro ko sisi. In lissafi yaƙi haɗuwa akwai dabara, ka sayi Ryzen 5 5600G wanda ke da ɗan girafik a cikinsa, ka haɗa komai banda kati, zaka buga GTA V da eFootball a ƙananan saiti kana ci gaba da tari, bayan wata biyu uku ka soka RX 6600 ɗinka. Yafi ka ƙarar da kuɗin akan abun da ba zaka iya ƙara masa komai ba nan gaba.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Wani mai shago ya nuna min kwamfuta yace Core i7 ce da girafik 4GB, wai duk gem ɗin duniya zata buga. Na ɗauki hoton bayanan, an rubuta i7-3770 da GT 730. In biya? Ɗan uwanka daga Gusau.

AMSA: Ɗan uwa riƙe kuɗinka, kar ka biya. Kuma ka kyauta da ka ɗauki hoton nan, da baki kawai aka faɗa maka da an gama da kai. i7-3770 na shekarar 2012 ne, ƙarni na 3, a zamaninsa sarki ne amma yau Windows 11 ma bata san da zamansa ba. Wannan ma da sauƙi, babbar matsalar GT 730 ce, kati ne na 2014 da aka yi don ya nuna hoto a monita a ofis ba don gem ba, FC na yanzu ko ya buɗe a kansa cijewa zai dinga yi har ka haƙura.

4GB ɗin da ake ta yi maka talla da shi ma'ajiya ce kawai ba ƙarfi ba, kamar ka ɗaura tankin man tirela a jikin babur roba-roba ne, man zai yi yawa amma gudun babur ɗin yana nan yadda yake. Ƙarfin yana cikin ƙwayar katin, kuma lamba ce ke nuna ta. A katunan Nvidia lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe kuma matsayi, 10 da 30 na ofis ne, 50 matakin farko na gem, 60 tsakiya, 70 da 80 manya. Shi yasa GTX 1080 ya fi GTX 1650 ƙarfi nesa ba kusa ba duk da lambar 1650 tafi girma a ido. Duk wanda yace maka "girafik 4GB" ko "girafik 8GB" bai faɗi sunan katin ba, ka tsaya sai ya faɗa. GT 710, GT 730, duk ka wuce su. GT 1030 ma kala biyu ne, akwai mai GDDR5 akwai mai DDR4 da suna ɗaya amma na biyun ya faɗi ƙasa warwas, ni duka biyun bana ba mai son FC shawarar su.

TAMBAYA: Salam. Ina ganin RX 580 8GB da arha sosai a intanet, wasu har sababbi a kwali, amma ance wai na masu haƙar kirifto ne sun gaji. Gaskiya ne? Kuma ya zan gane mai lafiya? Daga Kaduna.

AMSA: Gaskiya ne malam, da yawansu daga can suka fito. RX 580 na 2017 ne, kuma yana cikin katunan da masu haƙar Ethereum suka fi saye, suna kunna su dare da rana ba hutu, da Ethereum ta daina tsarin haƙa da kati a Satumba 2022 sai aka juye su kasuwa jibgi guda. Ba wai duk wanda yayi haƙa ya mutu bane, wasu ma an kula dasu fiye da na ɗakin samari, abun da ke gajiya shine fanka da man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya da kuma ma'ajiyar, wasu kuma an canza musu BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, don haƙa ba'a mayar ba sai direba yaƙi hawa.

Waɗanda kake gani "sababbi a kwali" da sunan kamfanin da baka taɓa ji ba, yawanci tsohuwar ƙwaya ce aka ciro aka ɗora a sabon allo aka sa sabuwar riga. Sannan ka duba ko an rubuta 2048SP, wato adadin ƙananan injinan lissafi da ke cikin ƙwayar, asalin RX 580 yana da 2304 ne, mai 2048 ɗin kusan RX 570 ne aka canza wa suna don kasuwar Chana, zai yi aiki amma kar ka biya kuɗin 580 akansa.

Gwaji kuwa ba'a yinsa a waya ko a bidiyo, a gabanka za'a soka shi. Ka tafi da filashi ɗauke da GPU-Z da FurMark, duk kyauta ne. GPU-Z zai nuna maka ainihin sunan ƙwayar da adadin ma'ajiya, wasu jabun ma yana rubuta musu alamar jabu ƙarara. Sai ka kunna FurMark, wanda ke ɗora wa kati aiki mai nauyi, ka barshi minti 15 zuwa 20 kana kallo, in zafi ya haura digiri 85 yana ta hawa, ko ka ga ɗige ɗige da layuka masu kala a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, ko fanka ɗaya ta tsaya ko tana ƙara kamar tana gogar wani abu, ajiye musu kayansu. Ka gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort, ka juya bayan katin ka duba ko allon ya yi jaja jaja ko yana warin ƙuna, ka kuma sa a rubuta maka a rasit cewa kana da sati ɗaya ko biyu na dawowa dashi. Mai kaya mai gaskiya bazai ƙi ba.

Ka sani kuma wat 185 yake ci, yana son waya mai fin 8 da fawa fak na kirki wat 500 zuwa sama, kar ka yarda a haɗa maka shi da 'yar wayar nan da ake jonawa daga filogin SATA, tana narkewa, wuta take iya tayarwa a ɗaki. Wani abu da zan ƙara ga kowa, in kaga "GTX 1050 Ti" ko "GTX 1060" mai arhar banza kuma da ramin VGA shuɗin nan a jiki, ka guje shi, asalin wannan zamanin basa zuwa da shi, tsohon kati ne irin GTS 450 aka sauya wa suna.

TAMBAYA: Ina gaisuwa Injiniya. Mu nan zafi ne da ƙura, wuta kuma sai a hankali, sola muke da ita da ƙaramin inbata, wani lokaci janareta. Kwamfutar gem zata rayu a haka? Daga Maraɗi.

AMSA: Zata rayu ɗan uwa in an bi ta da lura, kuma naji daɗin tambayar nan don mafi yawan bidiyon da yaranmu ke kallo daga Amurka da Turai ake yinsu, inda babu mai tunanin ɗaukewar wuta. A gurinmu wat ɗin kati yana da muhimmanci kamar ƙarfinsa. Dubi RX 580 da RX 6600, na farko wat 185 na biyu 132, kuma na biyun ya fishi ƙarfi sosai, kaga a sola arhar 580 ɗin zata dawo ta ci ka a batir. Kwamfuta mai RX 6600 da Ryzen 5 haɗe da monita, in ana cikin gem lissafa mata wat 250 zuwa 300, awa 4 kenan ta sha wajen yunit ɗaya da ɗan ɗori, sai ka auna da batirinka. Mai RTX 3050 6GB ko GTX 1650 bata kai haka ba.

Inbata ya zama mai tsaftatacciyar wuta wanda ake rubuta wa pure sine wave, don fawa fak na zamani basa shiri da ɗaya nau'in, zaka ji suna ƙugi ko su kashe kansu. Ƙaramin janareta irin na shago kar ka jona kai tsaye, wutarsa hawa da sauka take, sa sitabilaiza a tsakani. UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, dole ne, amma ɗan 650VA ɗin nan da ya cika kasuwa ƙasa da wat 400 yake iya ɗauka kuma batirinsa ɗan mitsitsi ne, nemi 1000VA ko 1200VA, aikinsa ya baka minti kaɗan ka kashe da hannunka ne ba ka ci gaba da wasa ba.

Zafi da ƙura kuma, kar ka ajiye ta a ƙasa akan kafet ko ka cusa ta cikin lokar tebur, ɗora ta sama inda iska ke kaiwa, fanka 2 a gaba 1 a baya. Lokacin hunturu duk wata ka buɗe ka hure ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta da ƙarfi. Watan Maris zuwa Mayu ka shiga saitin gem ka ƙayyade shi a firem 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, indai monitarka mai 60Hz ce abun da ya haura haka ba ganinsa kake ba, zafi da cin batir kawai yake ƙara maka.

TAMBAYA: Na sayi GTX 1650 na saka amma gem yana nan yana ja kamar da, ko jabu aka bani? Daga Jos.

AMSA: Kafin ka koma ka tada rigima leƙa bayan akwatin, wayar monita ina ka soka ta? In tana ramin sama kusa da na USB toh a bod take, katin yana zaune ne ba aikin da yake, mayar da ita ramin da ke jikin katin a ƙasa. Daga nan ka sauke direba daga shafin Nvidia da kanka, ka duba RAM in 4GB ce ko sanda ɗaya ka ƙara. In duk ka yi bai canza ba sai ka buɗe GPU-Z ka turo min hoton.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, yarona ɗan SS2 ya dame ni da maganar kwamfutar gem, babansa yace laftof za'a saya don karatu. Bansan komai akai ba, bana son a cuce mu kuma bana son karatunsa ya lalace. Maman yara daga Bauchi.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. In yaron a gida yake zuwa makaranta ni ta tebur zan ce, kuɗi ɗaya in aka kashe ta tebur tafi laftof ƙarfi, tafi jure zafi, in abu ya lalace shi kaɗai za'a cire a canza, laftof ɗin gem ta hannu kuwa in katinta ya ƙone a manne yake da bod, sau da yawa shikenan. Kuma duk abun da Alhaji yake so na karatu zata yi, rubutu, koyon kodin, zane, da atisayen JAMB tunda a kwamfuta ake zana ta. Laftof tana da nata amfanin, batir in an ɗauke wuta da kuma ɗauka a tafi da ita, wannan sai ya shiga jami'a zai fi buƙata.

Ga wani amfani da iyaye basu cika lura dashi ba Hajiya, ta tebur ba'a shiga da ita bargo da daddare. Ki sa a kafa ta a falo inda kowa ke wucewa, a yanka masa lokaci, bayan ya gama aikin makaranta da Islamiyya ko ranakun Asabar da Lahadi. Ki kuma tambaye shi sunan gem ɗin da zai saka, ƙwallo irin FC da eFootball ba matsala, amma GTA V an yi masa alamar 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai abubuwan da basu dace da tarbiyyarmu ba a ciki, ki faɗa wa Alhaji wannan.

Abun da zaku nema ba mai tsada bane, Dell ko HP doguwa mai i5 ƙarni na 8, RAM 16GB, SSD, da GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB, monita inci 22 ko 24 mai 1080p, sai UPS. Ki rubuta wannan ki ba wani babba a dangi da ya ɗan san kwamfuta ya raka yaron kasuwa, a kunna a gabansu a buga gem ɗin na ɗan lokaci kafin a biya, a karɓo rasit mai ɗauke da sunan katin da lambar furosesa a rubuce.